Yadda na tattara bokitanmu na S3 a ƙarƙashin mojul ɗin Terraform

Kamfanin da nake wa aiki a Kano ba babba ba ne. Muna riƙe wa makarantu masu zaman kansu da wasu ƙananan asibitoci takardunsu: hotunan rasit, sakamakon jarrabawa, katin marasa lafiya, da kwafin ma'adanar bayanai da ake ɗauka kowane dare. Duk suna S3, ma'ajiyar Amazon da ta fara aiki tun 2006, inda ake zuba fayiloli a cikin abin da suke kira bokiti. Da aikin ya dawo hannuna na tarar da bokitai goma sha wani abu, kowanne wanda ya buƙace shi ne ya shiga shafin AWS, wato sashen Amazon da ke ba da hayar kwamfutoci da ma'ajiya ta intanet, ya danna ya ƙirƙira. Wasu suna yankin Ayalan (yanki shi ne inda AWS ta ajiye kwamfutocin da ke riƙe da bokitin), wasu suna Landan, guda ɗaya yana Cape Town. Wannan yana ajiye tsofaffin kwafi, wancan ba ya ajiyewa, kuma babu mai iya gaya maka dalili. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a watan Yunin 2023 maigidanmu ya ƙi samun natsuwa. Abin da ya ce min shi ne: "Malam, ina son duk ranar da aka tambaye mu wa ke iya buɗe takardun yaran nan, mu ba da amsa ba kame-kame."

Amsa irin wannan ba ta samuwa sai saitin yana rubuce a wuri guda, shi ya sa na ɗauko Terraform. Kamfanin HashiCorp ne ya fitar da shi a 2014. Kana rubuta yadda kake son kayanka su kasance a fayil, ka buga `terraform plan` ya nuna maka abin da zai canja, in ka gamsu ka buga `terraform apply` ya aiwatar. Yana kuma riƙe da wata rajista, fayil ɗin `terraform.tfstate`, inda yake tuna wane layi na rubutunka ne ya yi daidai da wane bokiti. Mojul kuwa tarin irin waɗannan fayiloli ne da ka haɗa sau ɗaya, kana kiransa kana ba shi suna da 'yan bayanai, yana gina maka abu iri ɗaya duk lokacin da ka kira.

Akwai mojul na jama'a da kusan kowa ke amfani da shi, `terraform-aws-modules/s3-bucket`, wanda Anton Babenko da abokan aikinsa ke kula da shi. Aiki ne mai kyau, na karance shi tas kuma na ƙaru. Sai dai an gina shi ne don ya biya wa duniya baki ɗaya buƙata, saboda haka kusan komai a cikinsa zaɓi ne. Ni kuma ba yawan zaɓi nake nema ba. Duk zaɓin da ka bari a buɗe, wata rana wani yana cikin sauri zai zaɓi wanda ba ka so. Sai na rubuta namu ɗan ƙarami mai karɓar abu uku: sunan bokiti, irin kayan da za a zuba, da sunan sashen da ke da shi. Sauran na kafe su a ciki ba tambaya: makullai huɗu da S3 ke da su na hana jama'a shiga duk a rufe, ajiye tsofaffin kwafi a kunne, da doka mai ƙin duk buƙatar da ba ta zo ta HTTPS, hanyar intanet mai sirranta saƙo, ba, wadda ake rubutawa da sharaɗin `aws:SecureTransport`.

Mai koyo daga intanet ya lura da shekarar darasin da yake karantawa. A watan Fabrairun 2022, da mahaɗin AWS na Terraform, wato manhajar da Terraform ke magana da AWS ta cikinta, ya kai siga ta 4, an rarraba `aws_s3_bucket` gida-gida: ajiye kwafi ya koma `aws_s3_bucket_versioning`, ƙa'idojin tsufan fayil suka koma `aws_s3_bucket_lifecycle_configuration`, sirranta bayanai shi ma ya samu nasa. Darussan da aka rubuta kafin nan suna cusa komai a wuri ɗaya, kuma har yau su ne ke fara fitowa in ka yi bincike. Ita ma AWS ta canja halinta. Daga Janairun 2023 duk sabon fayil ana sirranta shi kai tsaye, daga Afrilun 2023 kuma sabon bokiti yana zuwa a rufe daga jama'a. Amma wannan rufewar ba ta shafi bokitan da aka ƙirƙira tun kafin nan ba, kuma yawancin namu tsofaffi ne. Don haka na rubuta komai ƙarara maimakon in dogara da yadda abu ke zuwa.

Gina sabon bokiti da mojul wasan yara ne. Shigo da tsofaffin, masu cike da takardun mutane, nan ne gizo ke saƙar.

Masu wannan sana'a sun saba da tunanin cewa duk abin da kod ya gina, kod zai iya rushe shi ya sake ginawa. A kan sabar wannan gaskiya ne. A kan bokiti kuwa sai a yi hattara, domin kamar rumbu yake: magini zai sake ɗaga maka wani a yini biyu, amma ba shi zai dawo maka da geron da ke ciki ba. Terraform ya san bokitin, bai san fayil ko ɗaya da ke cikinsa ba.

Na yi amfani da `import`, hanyar shigar da abin da yake nan tun da can cikin rajistar Terraform, wanda tun siga ta 1.5 ta watan Yunin 2023 ana iya rubuta shi a cikin fayil a gani a `plan` kafin a taɓa rajista. Saboda rarrabawar da na faɗa, bokiti ɗaya ba shigowa ɗaya ba ne: shi kansa daban, saitin kwafinsa daban, dokar shigarsa daban, makullansa daban. Abu na farko da ya fito fili shi ne suna. Na tsara salon suna mai kyau, kamfani da sashe da yanki a jere, sai `plan` ya nuna alamar `-/+` da kalmomin `forces replacement`. Ba a canja wa bokiti suna a S3. Sunan ma na duniya ne gaba ɗaya, harafi 3 zuwa 63, kuma in ka sake shi wani na iya ɗauka. Abin da Terraform ke nufi shi ne zai share tsohon ya ƙirƙiri sabo fanko. Dole mojul ya koyi karɓar tsohon suna yadda yake, har da wanda wani ya raɗa wa `test-final2` alhali sakamakon jarrabawar shekaru ne a ciki.

Kariya biyu ce a nan, kuma kowacce da iyakarta. AWS ba ta yarda a share bokitin da ke da kaya, sai in an sa wa Terraform `force_destroy = true`, wanda ke kwashe komai tukuna. A mojul ɗinmu ba a ma ba da hanyar kunna shi. Ta biyu ita ce `prevent_destroy`, mai tsayar da `plan` in ya ga za a rushe. Shi wannan Terraform ba ya yarda ƙimarsa ta fito daga zaɓin mai kira, dole a rubuta ta a kafe, saboda haka sai da na yi wani mojul dabam don bokitan gwaji da ake son a riƙa sharewa. Sannan in mutum ya goge kiran mojul ɗin baki ɗaya daga fayil, kariyar ta tafi tare da shi. Wanda ke son Terraform ya saki bokiti ba tare da ya rushe shi ba, `removed` zai rubuta, wanda ya zo a siga ta 1.7.

A wajen jera bokitai na kauce wa `count`. Yana lissafa su ne da lamba, sifili, ɗaya, biyu, in ka cire na tsakiya na bayansa su matso gaba, Terraform ya ɗauka kowanne ya canja suna. `for_each` yana riƙe su da suna, cire ɗaya ba ya girgiza sauran. In kuma ka sake wa wani abu mazauni a cikin kod, `moved` ne ke shaida wa rajista cewa abu ɗaya ne ya yi ƙaura.

Akwai wata matsala da ta ɗan wahalar da mu ni da wani abokin aiki. Duk lokacin da na buga `plan` sai in ga dokar shigar wani bokiti ta canja, in gyara, washegari ta sake canjawa. Ashe shi ma yana da nasa kod ɗin da ke ba CloudFront, hidimar AWS mai isar da fayiloli ga masu buɗe shafi, izinin karanta hotuna daga bokitin, kuma bokiti doka ɗaya tak yake ɗauka. Nawa ya rubuta ya shafe nasa, nasa ya rubuta ya shafe nawa, kowannenmu kuma `apply` yana ce masa an gama lafiya. Na ce masa, "Abokina, ai mun daɗe muna kokawa ba mu sani ba." Maganin shi ne mojul ya karɓi ƙarin sharuɗɗa daga waje ya haɗa su da nasa ta `aws_iam_policy_document`, ya zama hannu ɗaya ne ke rubutawa. Ƙa'idojin tsufa ma haka suke, saiti ɗaya ga bokiti ɗaya.

Su ƙa'idojin tsufan nan su ne suka fi cin tunanina, saboda nan kuɗi yake, nan kuma hatsari yake. Lissafin AWS da dala ake yi, mu kuma naira muke karɓa, kuma kowa ya san abin da ya sami naira daga tsakiyar 2023. Ajiye tsofaffin kwafi alheri ne ranar da wani ya share abu bisa kuskure, amma kowane kwafi ana biyan kuɗinsa. In ka share fayil a irin wannan bokiti, alama kawai ake ɗora masa ya ɓace daga gani, yana nan ana caji. Kuma da zarar an kunna ba a kashewa, sai dai a dakatar. Dole a haɗa shi da ƙa'idar da ke share tsofaffin kwafi bayan wani lokaci. Sai kuma gutsattsarin manyan fayiloli. Babban fayil ana tura shi ne gunduwa-gunduwa, in an ɗauke wuta ko layin intanet ya yanke ana tsaka, gunduwoyin da suka riga suka isa suna zama a can, ba sa fitowa a jerin fayiloli, amma ana biyan kuɗinsu. Da irin wutarmu da irin layinmu, ba sai na faɗi yawan da na tarar ba. Layi ɗaya na `abort_incomplete_multipart_upload` da kwana 7 ya magance wannan.

S3 yana da azuzuwan ajiya masu farashi daban-daban, amma mayar da fayiloli ajin da ya fi araha ba kullum yake riba ba. Ajin Standard-IA yana cajin ƙaramin fayil kamar ya kai 128 KB, kuma yana cajin aƙalla kwana 30. Hotunan rasit ɗinmu da yawa ba su kai wannan girman ba, don haka na bar su inda suke. Kwafin dare na ma'adanar bayanai, waɗanda manya ne kuma ba a cika buɗe su ba, su ne ke sauka ajin Glacier Deep Archive in sun tsufa. Can mafi ƙarancin zama kwana 180 ne, ɗaukowa kuma tana iya kai awa 12, saboda haka na bar na 'yan watannin baya-bayan nan a sama inda za a same su nan take.

To ga hatsarin. In ka ɗora ƙa'idar tsufa a kan tsohon bokiti, ba sabbin fayiloli kawai take shafa ba, har da duk abin da ke ciki. `plan` zai nuna maka abu ɗaya za a ƙara, sifili za a rushe, ka ga komai fes. Bayan kwana ɗaya ko biyu S3 da kansa ya fara share duk tsohon kwafin da ya wuce wa'adin, kuma wannan ba ya dawowa. Wannan sifilin da kowa ke dubawa kafin ya buga `apply` lissafin kayan Terraform ne, ba lissafin takardun mutane ba. A ganina duk layin da ke ɗauke da kalmar `expiration` ya fi alamar `-/+` cancantar a tsaya a kansa, domin ita tana yi maka ihu, shi kuwa shiru yake wucewa. Abin da na yi shi ne na shigo da kowane tsohon bokiti ƙa'idojinsa suna kashe, na fitar da jerin tsofaffin kwafin da za su tafi, na kai wa mai sashen ya duba. Wata ma'aikaciyar lissafi ta tsayar da ni a kan nata: wani fayil da ake sake rubutawa duk wata, tsofaffin kwafinsa su ne tarihin biyan kuɗin makarantu, kuma da su take aiki. Sai da aka kwafe su zuwa sunaye dabam-dabam sannan na kunna.

Ita rajistar Terraform a bokiti take zama ita ma, wanda na ƙirƙira dabam tun farko, ba ya cikin mojul ɗin. Abin da ke cikinta a fili yake rubuce, har da asirai in kod ɗinka ya taɓa su, don haka mutum biyu kawai ke da izinin karanta ta. Da ana buƙatar tebur na DynamoDB, wata ma'adanar bayanai ta AWS, don hana mutum biyu rubutawa lokaci guda, amma daga siga ta 1.10 `use_lockfile` yana yin wannan a cikin S3 ɗin kansa. Na kafe sigar mahaɗi da ta mojul, na kuma sa `.terraform.lock.hcl`, fayil ɗin da ke riƙe da sigar mahaɗi, a Git, inda muke ajiye kod ɗinmu, don kada kwamfutar wani ta ɗauko sabuwar siga ta nuna masa canjin da ba kowa ya nema. Tambayar ko mu koma OpenTofu, reshen da ya ɓalle bayan HashiCorp ta canja lasisi a watan Agustan 2023, ta taso, amma ga aikin bokiti rubutun kusan ɗaya ne, sai muka bar ta zuwa gaba.

Bokitin Cape Town har yanzu yana can. Maigida ya so a dawo da shi Ayalan wurin sauran, sai dai bokiti ba ya ƙaura daga yanki zuwa yanki. Sai an buɗe sabo da wani suna, a kwafe, a biya kuɗin fitar da bayanai, a kuma bi duk manhajar da ke kiran tsohon sunan a gyara ta. `aws s3 sync` ma kwafin yanzu kawai yake ɗauka, tsofaffin yana barinsu a baya. Na shigo da shi mojul ɗin a inda yake, da mahaɗi na biyu mai nuni ga `af-south-1`, sunan yankin Cape Town a AWS, maganar ƙaurar kuma tana jiran hutun ƙarshen zango lokacin da makarantu ba sa tura komai.