Tambayar da na yanke daga kaset

Shekarata ta farko a shirin lafiya na rediyo, na ɗauka aikina fassara ne. Takarda za ta zo da Turanci daga masu rigakafi, in zauna da ƙamus in juya ta Hausa, in shiga in karanta da murya mai nauyi irin ta masu labarai. Duk ranar da na samu kalmar da ta zauna daram, sai in ji kamar na yi wa al'umma gagarumin aiki. Wani dattijo ne ya sauke ni daga wannan doki, a wani ƙauye gabas da Kano, ƙarshen daminar 2004.

Ba a daɗe da dawo da ɗigon shan inna a jihar ba, bayan kusan shekara guda da dakatar da shi. An tura ni in ɗauko muryoyin jama'a, kuma kowa ya san irin muryar da ake so: "Mun gode wa gwamnati." Na tarar da shi a gindin darbejiya yana tufkar igiyar guga. Muka gaisa, na miƙa masa rikoda. Ya dube ta, ya dube ni.

"Ɗana, kafin in ba ka amsa, ni ma in tambaye ka?"

"Bismilla, Baba."

"Makon jiya jikana ya yi zazzaɓi. Muka kai shi asibiti, katin ma sai da muka saya, maganin kuma aka rubuto mana mu je kemis. Bara ƙyanda ta ɗauke mana yara a unguwar nan, ba wanda ya leƙo. To shi wannan ɗigon, me ya sa shi kaɗai ake bin mu da shi gida-gida, kyauta, har da roƙo? Ruwa fa ba ya tsami banza."

Na buɗe baki na ce masa rigakafi ya fi magani. Ya yi murmushi ya koma kan igiyarsa. Da na dawo ofis na yanke maganarsa gaba ɗaya, na sa ta wata mata da ta yi godiya. Ba wanda ya umarce ni. Ni na ga tambayar ba ta cikin takardata, don haka na ɗauke ta a matsayin rashin wayewa.

Na yi shekaru kafin in yarda cewa mutumin nan ya fi ni sanin inda matsalar take. Bai manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa. A cikin wannan annobar ne kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin sabon maganinsa, Trovan, da yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, shari'a ta ja har 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka da aka fara raɗe-raɗi a 2003 cewa an zuba maganin hana haihuwa a cikin ɗigon, maganar ta faɗi a gonar da aka riga aka yi wa huɗa. Raɗe-raɗin ƙarya ne, kuma ya ci ƙafafun yara da yawa. Cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe kusan 20, har ta kai Indunusiya, ƙasar da a ƙarshe aka sayo ɗigon da Kano ta amince da shi. Amma tsoron da ya haifi raɗe-raɗin yana da asali, kuma mu masu makirufo ba mu taɓa ambaton asalin ba. Kullum cewa muke yi a daina sauraron jita-jita.

Abin haushin shi ne tambayar dattijon tana da amsa, ni ne ban neme ta ba. A 1988 ƙasashen duniya suka yanke shawarar kawar da shan inna baki ɗaya, lokacin tana shanye yara kusan 350,000 a shekara. Sun yi hakan ne don an taɓa yi wa agana haka, aka tabbatar da ƙarewarta a 1980. Ƙwayar shan inna ba ta da wurin zama sai jikin ɗan Adam, ba ta ɓuya a sauro ko a dabba, don haka in aka rufe mata ƙofa a ko'ina, ta tafi ke nan. In kuwa ta rage a ƙauye ɗaya, jirgi ɗaya ya isa ya mayar da ita ƙasar da ta rabu da ita tuntuni. Ka ga masu zuba kuɗin nan su ma 'ya'yansu suke karewa. Da na faɗa wa Baba haka, na kuma ƙara da cewa ƙorafinsa a kan zazzaɓi da ƙyanda gaskiya ne, ina kyautata zaton da ya ajiye igiyar ya saurare ni. Mutanenmu sun san ciniki. In ka ce wa mutum ga ribarka ga tawa, ya fi natsuwa da kai a kan ka ce masa don Allah kawai kake yi.

Hukumomi ma a ƙarshe tambayarsa suka amsa, ba tawa takardar ba. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da mutane ke buƙata, irin su sinadarin bitamin A, maganin tsutsar ciki da sabulu. Sannan aka jawo sarakuna ciki, daga Sarkin Musulmi har masu unguwanni. Ba a samu abin da sauƙi ba. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Ina tuna ranar, don mun rasa abin da za mu faɗa a shirin yamma.

Ko sunan cutar sai da ya koya mini darasi. "Shan inna" daga tsohon imani ya fito, cewa wata iska ce, Inna, take shanye ƙafar yaro. Na taɓa ganin sunan ne ke ɓata mana aiki, sai na koma cewa "foliyo" a shiri. Me ya faru? A bakin mutane foliyo ya zama sunan ɗigon da masu kawo shi: "'Yan foliyo sun zo, ku shige da yaran." Cutar kuma ta ci gaba da zama shan inna. Wato na raba maganin da ciwonsa da hannuna. Dole na koma wa tsohon suna, na bar gardama a kan iska, na tsaya a kan hanyar da ake bi: daga bahayar yaro mai ɗauke da ita, zuwa ƙasa da ruwa da hannu, zuwa bakin wani yaron. Wannan kowace uwa ta gane, don ita ke wanke wa yaro.

Lissafi kuwa wata ungozoma ce ta nuna mini yadda ake faɗarsa. Takarda ta ce cikin duk mutum 200 da suka kamu, kusan ɗaya ne ke shanyewa. Na sha karanta wannan, yana shiga ta nan yana fita ta can. Ita kuwa a wani taron mata sai ta ƙirga wake 200 a faifai, ta ɗauki guda ta shafa masa bula. Ta ce: "Wannan shi ne gurgun da kuke gani a bakin kasuwa. Sauran nan duk suna ɗauke da ita, suna wasa da 'ya'yanku, ba ko zazzaɓin kirki." Zauren ya yi tsit. Tun ranar, in na ga "kashi kaza cikin ɗari" a takarda, sai na nemo masa faifai.

Ebola ta 2014 ta zo da nata. Cutar a Legas da Fatakwal ta tsaya, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ba ta iso Arewa ba. Abin da ya iso shi ne saƙon waya cikin dare, a watan Agusta, cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha kafin gari ya waye. Ni kaina gwaggona ce ta tashe ni wajen ƙarfe uku. An kwantar da mutane a asibiti, har an rasa rai, musamman masu hawan jini. Da safe na ajiye saƙon nan kusa da sanarwar da muke karantawa, na ji kunya. Tamu ta ce a guji cuɗanya da ruwan jikin mai ɗauke da cutar. Shi kuwa saƙon ƙarya ya gaya maka abin da za ka yi, da abin da ke cikin madafarka, da lokacin da za ka yi, kuma ya zo ta bakin wadda ta goya ka. Wanda ya ƙirƙire shi ya fi mu iya aikinmu.

Daga nan na sake yadda nake bayanin ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, wanda shi gaskiya ne, yana ceton yara. Na daina cewa lita ɗaya. Cewa nake leda biyu ta fiya wata mai rabin lita, cokalin shayi shida na sukari a shafe ba tozo, rabin cokalin shayi na gishiri, a ɗanɗana kada ya fi hawaye gishiri. Har yanzu akwai abin da ya gagare ni: "ƙwayar cuta" ita ce ta mura, ita ce ta taifot, alhali kafso yana kashe ɗaya bai san ɗayar ba. Na gwada bayani iri-iri, babu wanda ya zauna mini.

A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta asali, shekara huɗu bayan yaran ƙarshe da ta kama a Borno. Muka yi shiri na murna. Ba a rufa shekara ba wata mata ta kira muna kan iska.

"Malam, ba kai ka ce mana an gama da ita ba? To jiya 'yan foliyo sun sake buga mini ƙofa."

Mai kula da na'ura ya ɗago yana tambayata da ido ko ya katse layin. Na girgiza masa kai. Na ce mata, Hajiya, ɗigon nan ƙwayar ce da aka karya wa ƙarfi, tana koya wa jikin yaro faɗa. A unguwar da aka ɗiga wa kusan kowa, nan take mutuwa. A inda aka tsallake yara da yawa kuwa, tana iya yawo daga wannan ciki zuwa wancan, wata da watanni, har ta sake yin ƙarfin shanye ƙafa. Ita ake bi yanzu.

Ta yi shiru. Sannan ta ce, "Wato maganin naku ma yana iya zama ciwon?"

Na ce, "Yana iya zama, Hajiya, in aka yi shi rabi da rabi."

Ta ce za ta yi shawara da maigidan, ta ajiye waya. Saura minti goma sha ɗaya a shirin, kuma layukan duka uku suna ƙyaftawa.