Gyaran na'urar naɗe zaren fatsa a bakin kogin Kwara

Shagona yana Yawuri, kuma asalin cinikina kayan su ne: raga, zare, ƙugiya da darma. Yawancin masuntanmu da taru da mamari suke neman abinci, amma akwai ma'aikata da matasa da ke zuwa da sandar fatsa ta zamani, mai na'urar naɗe zare a ƙarƙashinta, suna neman giwan ruwa da tsage a kogin da kuma tafkin Kainji. Na'urorin nan galibi gwanjo ne da ke shigowa ta Legas da Kwatano, kuma gyaransu ya zama rabin aikina.

Irin wadda nake magana a kanta ita ce wadda kwarkwaronta ba ya juyawa lokacin jifa. Zare ne yake warwarowa da kansa, sannan idan an murza hannu, wata lanƙwasasshiyar waya ta zagaya kwarkwaron tana mayar da zaren, shi kuma kwarkwaron yana hawa yana sauka domin naɗin ya kwanta daidai. Wani Bature mai masaƙa a Ingila, Alfred Illingworth, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1905, kuma har yau irin waɗannan na'urori na kamfanonin Shimano da Daiwa da Penn a kan wannan tushe suke.

Abin da na gani a wannan aiki shi ne, ba safai babban kifi yake kashe na'ura ba. Yashi da ƙurar hunturu ne suke kashe ta, tare da man da bai dace ba. Mutum zai ajiye ta a kan rairayi yana cire kifi, yashi ya shiga ta ƙarƙashin kwarkwaro ya manne wa sandar tsakiya, daga nan ya gangara cikin giya ya gauraya da giris. Idan ta fara gurnani sai mai ita ya ɗura mata man inji ko ya fesa WD-40, wanda yake narkar da ɗan giris ɗin da ya rage. Za ta yi laushi na ɗan lokaci, amma haƙoran giyar suna ci gaba da cin juna.

Idan aka kawo mini, nakan shimfiɗa farin ƙyalle in jera kowane yanki bisa yadda na cire shi, domin akwai siraran washa a bayan babbar giya waɗanda idan ɗaya ta ɓata ko ta sauya wuri, hannun zai riƙa girgiza. Ƙarafan nakan wanke su da kananzir da tsohon buroshin haƙori, in bar su su bushe sarai. Fetur ba na yarda ya taɓa roba. Giris na haƙoran giya ne, shi ma shafa kaɗan, boris kuwa ɗigon mai marar kauri ya ishe shi. Akwai wani boris na daban mai juyawa gefe guda, wanda yake hana hannu komawa baya idan kifi ya fizga. Idan aka cika shi da giris zai riƙa zamewa, kuma da yawa daga cikin na'urorin da ake kawo mini da sunan sun karye, wanke wannan wuri kawai suke bukata.

Wuraren da na fi daɗewa a kansu biyu ne. Na farko ɗan ƙaramin gargaren da ke jikin lanƙwasasshiyar wayar, inda zare yake bi. Aikinsa ya juya tare da zaren, amma shi ne ya fi shan ruwa kuma shi aka fi mantawa da shi. Da zarar ya sandare, zare zai riƙa murɗewa yana gogewa har ya sare masa gurbi, sai a yi ta zargin mai sayar da zare alhali laifin yana wannan ɗan wuri. Na biyu shi ne birkin da ke cikin kwarkwaro, wato jerin washa na ƙarfe da na ƙyalle ko kabon da suke sakin zare sannu a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi. Giwan ruwa idan ta ji ƙugiya gudu take yi, kuma birkin da yake kamawa yana saki da fizga yakan tsinke zare. Shi ya sa nake roƙon kowa ya sassauta birki kafin ya ajiye na'urarsa, don kada washa su matse su taurare. Lokacin wanke ta kuwa a ɗaure birkin, a yayyafa ruwa mai tsabta a goge da tsumma, ba a tsoma ta a bokiti ba.

Ba kowace nake karɓa ba. Akwai masu araha da ake rubuta musu boris 12 a kwali, amma giyarsu ta ƙarfe mai taushi ce, kuma idan haƙoranta suka cinye, kuɗin gyara ya kusa na sabuwa. Gara in faɗa wa mutum gaskiya da in karɓi kuɗinsa ya dawo da ita bayan mako biyu. Tsohuwar Mitchell 300 ta Faransa kuwa, duk da nauyinta, nakan yi murnar ganinta, domin yawanci sifirin na wayar ne kawai yake karyewa.

Babbar wahalata kayan canji ce, tunda babu wanda yake kawo su nan. Saboda haka nake sayen na'urorin da suka mutu a kan ɗan abin da ya samu, in kwance su in ware noti da sifirin da boris a cikin gwangwanaye. Boris nakan auna faɗinsa da kaurinsa in aika a nemo mini irinsa a Kano, kuma aiki yakan jira har saƙon ya iso.