Tankin tsohon babur, daga ƙasa ake gane shi

Babur ɗin da na tayar Honda CB350 ne mai silinda biyu, irin wanda aka ƙera daga 1968 zuwa 1973. Ya zo hannuna ba tanki, sai firam da inji da buhun tarkace. Da na fara neman tanki na lura kowa sama yake kallo: launin fenti, zanen gefe, tambarin kamfani. Duk waɗannan ana iya canza su a yini ɗaya. Abin da ba ya canzuwa da sauƙi shi ne cikin tankin da ƙasansa, kuma nan ne na ɓata mafi yawan lokacina.

Kafin in san tankin da nake nema, sai da na san babur ɗin da nake da shi. Lambar firam tana buge a wuyan babur, inda kan yake juyawa. Tsarin lamba mai gurbi 17 da ake gani a ababen hawa na yanzu sai a 1981 ya zama ƙa'ida a Amurka, kafin nan kowane kamfani da nasa lissafin. A wannan samfurin lambar farko bayan sunan tana nuna zubin, tawa ta fara da 4, wato zubin K4 na 1972. Sanin haka ya rage mini wahala sosai, domin tankunan farko-farko suna da robar jingina gwiwa a gefe, na baya kuwa babu. Akwai kuma tarkon suna: CL350 injinsu ɗaya da nawa amma siffar tankinsa daban, shi kuwa CB350 mai silinda huɗu da ya fito a 1972 wani babur ne dabam, sunan kawai suka haɗa. Mai sayarwa zai ce maka "na 350 ne" da zuciya ɗaya, kuma bai yi ƙarya ba, amma ba naka ba ne.

Littafin kayan gyara na kamfanin ya taimaka. Lambar kayan Honda kashi uku ce: na farko yana faɗin ko mene ne kayan, na tsakiya yana nuna samfurin da aka fara ƙera shi dominsa, na ƙarshe kuma sauye-sauyen da aka yi masa da launi. Tanki da 17500 yake farawa, famfon mai, wato abin murɗawa da ke buɗe wa mai hanya daga tanki, da 16950. Sai dai tankin da na samu babu wata lamba a jikinsa, don haka zanen da ke cikin littafin da tef ɗin awo su suka yanke hukunci.

Na kifa shi a kan tsumma. A ƙasan tanki akwai kwari mai tsawo inda ƙashin bayan firam yake shiga. Na auna faɗinsa da zurfinsa a gaba da tsakiya da baya, na kuma yanki kwali daidai da siffar firam ɗina na zura a ciki. Daga gaba akwai ƙofofi biyu kamar kofi da aka yanke rabi, su ne suke kama robobi biyu masu zagaye da ke maƙale a firam. Daga baya akwai harshen ƙarfe da ke zama cikin wata roba a ƙarƙashin sit. Tazarar da ke tsakanin ƙofofin gaba da harshen baya ita ce awon da ba ya karɓar ciniki. In ta saɓa da santimita ɗaya ma, ko dai sit ya ƙi rufuwa, ko tanki ya riƙa rawa. Na duba kuma ƙananan bututu biyu da ke ƙasa, ɗaya a kowane ɓangare. Tiyo ke haɗa su ta ƙarƙashin firam don mai ya daidaita, tunda kwarin ya raba gindin tankin gida biyu, famfon mai kuma a gefe ɗaya yake. Tankin da aka toshe wa waɗannan bututun zai bar maka mai a ɓangaren da famfo ba ya kaiwa.

Mazaunin famfon mai shi ma shaida ne. Wasu tankunan da noti ake ɗaura musu famfo, wasu da sukuru biyu, kuma haƙoran notin ba girmansu ɗaya ba. Ban yarda da ido ba, na kawo famfon na murɗa shi da hannu. In ya hau sumul har ƙarshe, to. In sai an sa sifana tun daga farko, haƙoran ba su dace ba, kuma tilasta shi yoyo zai haifar.

Daga nan na bi jikinsa da ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Inda ƙarfe yake yana kamawa da ƙarfi, inda aka cike lotsewa da fila, wato kwaɓin da ake shafawa kafin fenti, sai ya saki. Fila kaɗan ba laifi ba ne a tankin da ya haura shekara hamsin. Wadda nake tsoro ita ce ta gindi, kusa da ɗinkin walda, domin ruwa ya fi fetur nauyi, can yake kwanciya, can kuma tsatsa take huda ƙarfe daga ciki. Wanda ya shafa fila a wurin, rami yake ɓoyewa. Na leƙa ciki da tocila da ɗan madubi: tsatsa ja ce mai laushi, ba ɓawo mai kauri ba, kuma ba a taɓa zuba masa maganin shafe ciki ba. Wannan ya faranta mini rai fiye da kyan fentin, don cire tsohon shafe da ya fara saɓulewa aiki ne mai cin rai.

Wanke cikin bai da wata dabara mai yawa. Na cire famfo, na toshe ƙofofi, na zuba notuna da kalanzir na girgiza har hannu ya gaji, na kuma ƙirga notunan wajen shiga da wajen fita. Sannan na cika shi da farin ruwan khal na bar shi ya jiƙa, ina juya shi lokaci-lokaci. Bayan zubarwa na ɗauraye da ruwan da na jiƙa hodar bekin soda a ciki don kashe tsamin, na busar nan take da iska mai ɗumi, na zuba ɗan mai na wulwula. Gaggawar nan dole ce, domin ƙarfen da aka wanke da tsami cikin mintuna yake sake yin ja. Gwajin yoyo da famfon keke na yi, iska kaɗan ƙwarai, ina shafa kumfar sabulu a ɗinki. Injin iska na gareji zai iya kumbura tanki ya buɗe kwarin, shi ke nan ya daina zama a firam. Wuta kuwa ban kusantar da ita ba ko kaɗan. Tankin da babu mai amma akwai tururinsa ya fi cikakke haɗari, kuma da walda ta kama, wurin wanda ya san yadda ake korar tururin zan kai shi. Tunda bai nuna yoyo ba, ban shafe cikinsa da komai ba. A ganina ƙarfe mai lafiya ba ya bukatar haka.

Ɗorawa na yi tun kafin fenti, kuma a nan na fi saɓa wa masu ɗokin ganin launi. Na sayi sababbin robobi, don tsofaffin sun bushe sun ƙanƙance, na shafa musu ruwan sabulu, na tura tankin gaba har ƙofofin suka kama, na danna bayan. Na juya kan babur iyakar dama da iyakar hagu ina duba ko wani abu zai taɓa gaban tankin. Na zura hannu ƙarƙashi na tabbatar wayoyi da koyil da kebul ɗin totur ba su matse ba, domin kebul ɗin da tanki ya danne yakan sa inji ya ɗaga murya da kansa in ka juya kai. Na manna ɗan yumɓu a saman firam, na sake ɗora tankin, na cire na ga kaurin da ya rage. Ƙarfe bai kamata ya taɓa ƙarfe ba a ko'ina, roba ce kaɗai za ta ɗauki nauyi, in ba haka ba girgizar inji za ta tsaga ɗinki a hankali.

Bayan fenti na sa sabon tiyo mai jure fetur na zamani, wanda a wurare da yawa ake gauraya shi da itanol, shi kuwa yana cinye tsohuwar roba. Babur ɗin ba shi da injin tura mai, gangara kawai mai yake yi zuwa kafireta biyu, don haka na bi da tiyo ƙasa-ƙasa ba tare da lanƙwasa ba. Na zuba mai kaɗan, na cire tiyo daga kafireta, na gwada famfon a kowane matsayi. A buɗe bai zubo ba saboda man bai kai bakin dogon bututun da ke ciki ba, a rizab, wato matsayin man ajiya na gindin tanki, ya zubo, a rufe ya tsaya cak, yadda ya kamata ke nan.

Abu na ƙarshe murfi ne. Yana da ƙaramin rami da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. In ya toshe, babur zai yi tafiya kaɗan ya mutu kamar mai ya ƙare, ka buɗe murfi ka ji ya ja iska, ya sake tashi. Nawa datti ya cike shi, na bi shi da siririyar waya, na hura har iska ta wuce, na canza robar bakinsa sannan na cika tankin.