Tsohon kafet da lissafin shekara goma: abin da na koya a Kalifoniya

A jihar Kalifoniya ta Amurka, duk wanda ya sayi sabon kafet yana biyan wani ɗan kuɗi a kan kowane yadi murabba'i, kuma da wannan kuɗin ake ɗaukar nauyin tattara tsofaffin kafet da sake sarrafa su. Dokar da ta kafa tsarin, AB 2398, an zartar da ita a 2010, ita ce kuma irinta ta farko a ƙasar. An fara karɓar kuɗin a watan Yulin 2011 a kan senti 5 kowane yadi. Ƙungiyar CARE, wadda masu masana'antar kafet suka haɗu da hukumomi suka kafa tun 2002, ita ke gudanar da shirin, hukumar jihar mai suna CalRecycle kuma ita ke sa ido a kansa. Ni dai na shiga harkar ne ta ƙasa, a wani kamfani mai karɓar tsohon kafet yana tantance shi, daga baya aka mayar da ni ɓangaren da ke tsara abin da za mu yi a shekaru masu zuwa.

Aikin tantancewa ba ya son gaggawa. Masu shimfiɗa kafet a gidaje sukan iso da yamma, bayan motarsu cike da abin da suka ɓamɓaro, wani a naɗe, wani an yayyanka shi, wani har da ƙusoshi da soson ƙasa a manne. Muna da wata na'ura ta hannu da ake dangwala wa gashin kafet, ta haska shi, nan take ta nuna irin zaren: nailan 6, ko nailan 6,6, ko PET irin robar goran ruwa, ko kuma polipropilin. Ido ba ya bambance su, hannu ma haka, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma idan aka bari suka gauraya a dila ɗaya mai saye zai dawo da ita. Wanda ruwan sama ya jiƙa kuwa ya tashi aiki, domin yakan yi fumfuna, nauyinsa ya ƙaru, injin ya ƙi cinsa. Saboda haka muka riƙa nacewa a kan rufaffiyar kwantena a duk wurin da ake ajiye mana kaya, ko da hayarta ta fi tsada.

Abu na farko da na fahimta shi ne tarin da ka tara ba shi ne ci gaba ba. Babban kaso na nauyin kafet ba zare ba ne. Akwai shafin baya da gam da garin farin dutse da ake cusa masa don ya yi nauyi ya kwanta, ga ƙura da yashin shekara da shekaru. Ko zaren ma sai an samu mai so. Nailan 6 yana da gata, domin ana iya warware shi ta hanyar sinadari ya koma asalin abin da aka yi shi da shi, a sake yin sabon zare. Nailan 6,6 ana narka shi a yi ƙwayoyin roba da ke shiga kayan mota. PET kuwa arha ne tun yana sabo, balle ya tsufa, kuma shi ne kasonsa ke ƙaruwa a cikin lodin da ke zuwa mana, saboda masana'antun Dalton da ke jihar Jojiya, inda ake yin mafi yawan kafet ɗin Amurka, sun karkata gare shi. 'Yan jari-bola na gida sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida, ba sa ɗaukar abin da ba su san wanda zai auna ya biya ba.

Faɗuwar farashin mai ce ta fito da wannan a fili. Ganga da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta sauko ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kuma tun da daga mai ake yin waɗannan zaruruwa, sabuwar roba ta yi arhar da tamu ba za ta iya gogayya da ita ba. Na ga diloli sun taru a harabarmu har suna tare hanyar mota, an tantance su tsaf, an ɗaure, babu mai tayawa. A wannan tsakanin aka yi ta ƙara kuɗin da mai saye ke biya, daga senti 5 zuwa 10, zuwa 20, zuwa 25, har ya kai 35 a 2019. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne inda aka karkata kuɗin: tallafi a kan kowane fam na nauyin kayan da aka sarrafa aka sayar, da wani tallafin ga masu ƙera sabon abu da su, kamar katakon roba da abin toshe zafi da sanyi a bango, har da neman wa garin dutsen nan kasuwa. Sai da masu saye suka samu dalilin saye sannan harabarmu ta fara raguwa.

A 2017 wata dokar, AB 1158, ta gindaya cewa a kai kashi 24 cikin 100 na sake sarrafawa zuwa ranar 1 ga Janairun 2020, ta kuma hana kashe kuɗin shirin a kan ƙona kafet a tanderun siminti ko don samar da wutar lantarki. Ba a cika wa'adin ba, amma zuwa 2022 adadin ya haura kashi 30. A ganina dokar ta yi daidai da ta toshe ƙofar ƙonawa, domin da an bar ta a buɗe da kowa ya bi ta, lissafi ya yi kyau a takarda, ba a gina komai ba.

Da na koma ɓangaren tsare-tsare ne na ga cewa wahalar gaske tana cikin lokaci. Kafet ɗin da aka shimfiɗa bana ba zai zo hannunmu ba sai bayan shekara goma ko kusa da haka, don haka mai son sanin irin injin da zai buƙata nan gaba ba harabarsa zai duba ba, sai ya je kantunan sayar da sabo ya ga abin da ke fita. Shirin da ake miƙa wa hukuma na shekara biyar ne, alhali wanda zai ci bashi ya girka layin injuna yana bukatar tabbacin da ya wuce haka. Duk lokacin da aka ji raɗe-raɗin za a taɓa tallafi, sai ka ga masu zuba jari sun janye hannu, kuma watannin da aka rasa ba sa dawowa. Ga wani ƙulli kuma: kuɗin shirin daga cinikin sabon kafet yake fitowa, cinikin kuwa raguwa yake yi saboda mutane suna komawa ga daɓen roba da na katako, yayin da tsohon da aka shimfiɗa a da yake ci gaba da fitowa daga gidaje. Dole duk kasafin da za a yi ya ɗauka cewa masu biya za su ragu, kuma a ajiye asusun ko-ta-kwana. Sai kuma batun nisa, domin jihar tana da gundumomi 58, kuma a na karkara kuɗin tirela kaɗai yana iya cinye darajar kayan da ta ɗauko.

Gyaran da na fi ba wa muhimmanci shi ne na dokar AB 729 ta 2019, wadda ta sa kuɗin ya bambanta bisa irin kafet maimakon kowa ya biya ɗaya, domin ta nan ne kawai saƙo zai koma ga mai ƙerawa. Jihar New York, da ta yi tata dokar a ƙarshen 2022, ta ƙara gaba: ta ɗora nauyin kuɗin a kan kamfanoni, ta hana sinadaran PFAS, masu hana tabo kama kafet amma ba sa ruɓewa a muhalli, a sabon kafet, ta shata matakan sake sarrafawa na kashi 30 da 50 da 75 cikin 100 a shekara biyar da goma da goma sha biyar, tare da sharaɗin wani kaso ya koma cikin sabon kafet. Wannan sharaɗin na ƙarshe nake bibiya, domin ba za a cika shi da ƙarin kwantenoni ko ƙarin masu tantancewa irina ba. Sai masana'antun Dalton sun fara yin kafet da zare da baya na abu iri ɗaya, wanda za a iya narkawa gaba ɗaya ba tare da an sha wahalar raba su ba.