Faifan da ya ci sunan masu shi: abin da na koya wajen rajistar faya-fayan rok

A lokacin da nake karatu a Ingila na samu aikin ƙarshen mako a wani shago da ke saye da sayar da tsofaffin faya-fayan garmaho da na CD. Aikin da aka ɗora mini shi ne shigar da kayan shagon cikin kwamfuta, domin har zuwa lokacin mai shagon, wani dattijo da ya tsufa a cikin sana'ar, da ka yake riƙe da mafi yawan abin da ke kan kantocinsa. Tsarin rajistar ba shi da wuya, akwai gurbin sunan mawaƙi ko ƙungiya, da gurbin sunan faifai, da shekara, da kamfanin da ya buga, sai lafiyar kayan da farashinsa. Aiki ya tafi lami lafiya har na iso sashen kiɗan rok, inda na tarar da wata al'ada da ta yi katutu a tsakanin mawaƙan Birtaniya da Amurka, wato ƙungiya ta fitar da faifai ba ta raɗa masa wani suna ba sai nata. 'Yan kasuwar faifai sukan rubuta haruffa biyu, s/t, a gaban irin wannan, alamar cewa faifan takwaran masu shi ne.

Idan faifan farko ne, babu wata matsala. The Doors a 1967, da Black Sabbath a 1970, da Ramones a 1976, da Iron Maiden a 1980, duk da sunansu suka gabatar da kansu ga duniya, kuma mai saye yakan ce a ba shi na farkonsu ne kawai, a fahimce shi. Rikicin yana tasowa ne idan ƙungiya ta yi haka bayan ta riga ta yi suna, ko kuma ta maimaita abin sau biyu ko fiye, domin a nan kwamfuta takan nuna mini layuka iri ɗaya sak, alhali kayan da ke hannuna daban-daban ne. Masu saye kuwa ba su taɓa shiga wannan ruɗani ba, saboda tun tuni sun yi abin da ake yi a gidan da aka tara Muhammadu huɗu, inda sunan yanka yake nan a ajiye amma a bakin mutane wannan Dogo ne, wancan Ƙarami. Sun ba kowane faifai laƙabi, kuma da laƙabin suke shigowa shago.

Abu na farko da na lura da shi shi ne kusan duk laƙaban nan daga bangon faifai aka ciro su, daga abin da ido ke fara gani. Faifan The Beatles na Nuwamban 1968 sunansa The Beatles, amma ban taɓa jin wanda ya nemi shi da wannan suna ba, kowa White Album yake cewa saboda bangonsa fari ne fat. Mai zane Richard Hamilton ne ya tsara shi haka, kuma a bugun farko ba a rubuta sunan ƙungiyar da tawada ba, an danna haruffan ne suka taso a jikin kwalin, sai ka shafa da yatsa ko ka karkata shi ga haske kafin ka tabbatar suna nan. A ƙasa kuma an buga wa kowane kwafi lambarsa, abin da ya sa dattijon ya hana ni sa wa irin wannan farashi kafin ya duba da kansa, tunda ƙanƙantar lamba tana ɗaga daraja matuƙa; kwafin Ringo Starr, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, mai lamba 0000001 an yi gwanjonsa a 2015 a kan dala 790,000. Haka faifan Metallica na 1991, wanda shi ne na biyar a jerin nasu, ya zama Black Album, domin in ka ajiye shi a kan tebur baƙi ƙirin kake gani, sai ka ɗaga shi kusa da fitila sannan sunan ƙungiyar ya bayyana a kusurwar sama, maciji a naɗe kuma a kusurwar ƙasa. Na The Band na 1969 ana kiransa da launin ruwan ƙasa na bangonsa, na Alice in Chains na 1995 da karen nan mai ƙafa uku, na Pearl Jam na 2006 da ɓarin fiya da aka ɗora a kan shuɗin bango, na Duran Duran na 1993 kuma da hotunan auren iyayen 'yan ƙungiyar.

Saboda haka na ƙara wani gurbi a rajistar, na laƙabi, na kuma ƙudurta cewa ba zan taɓa barin laƙabi ya hau kan gurbin sunan asali ba. Dalilin ya fito fili da na ci karo da faifan The Damned na 1980, wanda ainihin sunansa da aka buga shi ne The Black Album. Da na saba rubuta laƙabi a matsayin suna, da wannan da na Metallica sun cakuɗe, mai nema daga nesa ya biya kuɗin wani a aika masa da wani.

Launuka ma ba su isa su raba gardama su kaɗai ba, kuma ƙungiyar Weezer ce ta koya mini wannan. Faya-fayanta guda shida ne ke ɗauke da sunan Weezer: shuɗi na 1994, kore na 2001, ja na 2008, fari na 2016, sannan biyu a 2019, ɗaya mai launin da ke tsakanin shuɗi da kore, ɗaya baƙi. To amma The Beatles ma suna da ja da shuɗi, wato tarin tsofaffin waƙoƙinsu guda biyu da aka fitar a 1973, ga kuma faifan Fleetwood Mac na 1975 da wasu masoyansa ke kira farin faifai. Idan mutum ya tsaya a gaban kanta ya ce Blue Album, wato shuɗin faifai, yake so, sau da yawa furfurarsa ko rashinta takan ba ni amsa, amma a waya babu wannan gata, dole in tambayi ƙungiya, in tambayi shekara. Daga baya na mayar da shekara ta zama alƙali a duk inda suna ya maimaitu, musamman ga irin su Fleetwood Mac, waɗanda faifansu na 1968 na zamanin Peter Green da na 1975 da Stevie Nicks da Lindsey Buckingham suka shigo a kansa suna ɗaya gare su, amma kiɗan da ke ciki da masu nemansa sun yi hannun riga. A ganina wannan ne ma dalilin da yakan sa tsohuwar ƙungiya ta koma ga sunanta, tana son a san ta sake lale, ko da yake ba zan rantse cewa babu waɗanda rashin sunan kirki ne kawai ya kai su ga hakan ba.

Peter Gabriel ya fi kowa wahalar da mai rajista. Bayan wannan mawaƙi ya bar ƙungiyar Genesis ya fitar da faya-fayai huɗu a jere, a 1977 da 1978 da 1980 da 1982, kowanne Peter Gabriel, da nufin su zama kamar fitowar mujalla wadda sunanta ba ya sauyawa. Masoya suka duba bango suka raba su: Car ga wanda yake zaune a mota ruwan sama ya jiƙa gilashinta, Scratch ga wanda yake karce hoton da farcensa, Melt ga wanda rabin fuskarsa ke narkewa. Na huɗun ne ya zo da wata sabuwa, domin kamfanin Geffen ya sayar da shi a Amurka da sunan Security, alhali bugun Birtaniya bai ɗauki wannan suna ba. Ke nan kalma ɗaya suna ce a wani kwafi, laƙabi ce a wani, sai na duba ƙasar da aka buga kwafin da ke hannuna kafin in san gurbin da zan sa ta.

Akwai kuma bambancin da masoya na haƙiƙa ba sa yafewa, tsakanin faifan da ya ci sunan ƙungiya da wanda ba shi da suna sam. Faifan Led Zeppelin na huɗu, na Nuwamban 1971, shi ne babban misali. Bangonsa na waje babu sunan ƙungiya, babu sunan faifai, sai hoton wani tsoho ya goyo damin itace, a ciki kuma alamomi huɗu da kowane ɗan ƙungiya ya zaɓi tasa. Tunda na biyu da na uku lamba suka ɗauka, jama'a suka kira shi Led Zeppelin IV, wasu suka ce Four Symbols, wasu kuma Zoso saboda alamar ɗayansu, Jimmy Page, ta yi kama da waɗannan haruffa. Lambar ta koma baya har ta shafi na farko, wanda Led Zeppelin kawai aka buga a kansa a 1969 amma ake ce masa na ɗaya. A rajista na rubuta cewa na huɗun ba shi da suna, na jera laƙabansa uku a gurbinsu, domin duk wanda mai nema ya buga ya kai shi wurin.

Wani abin da ya ɗan dagula wannan rarrabewa tawa shi ne yadda laƙabi kan yi ƙarfi har masu kayan su karɓe shi. Weezer da kansu da launi suke ambaton faya-fayansu, manhajojin sauraron waƙa ma haka suke jera su, kuma lokacin da aka sake fitar da faifan The Beatles a 2018 don cikarsa shekara hamsin, da laƙabinsa aka yi tallarsa. Duk da haka ban sauya ƙa'idata ba, abin da aka buga a jikin kwafin shi ke shiga gurbin suna. Inda ƙa'idar ta gaza ni shi ne faifan Blink-182 na 2003, wanda masoyansa suka rabu biyu, wasu na cewa takwaran ƙungiyar ne, wasu na cewa ba shi da suna, kuma sunan da ke bangon yana iya zama na ƙungiya kawai ko na faifan ma. Na kai wa dattijon maganar, ya jujjuya kwalin CD ɗin a hannunsa, ya ce in rubuta duka biyun in sa shekara, in wuce zuwa harafin C.