Ina ta sayen turare, ashe tsatsa ce ke cin ƙasan motata

Har yau in na tuna sukudireban nan sai raina ya ɓaci. Dattijon mai gyaran jikin mota ko ƙarfi bai sa ba. Ya ɗaga kafet ɗin gefen mai zaman banza, ya ɗora bakin sukudireba a kan ƙarfen, ya danna kamar mai duba dankali ko ya dahu. Sai kawai ya zurma. Na sunkuya na leƙa ta hudar, na hango ƙasar garejin, har da wata ledar fiya wata da aka yar.

"Alhaji, wannan ba jiya ta fara ba," ya ce, yana kakkaɓe jan gari daga hannunsa. "Ruwa ya kwana a nan, ya yi wata, ya yi shekara."

Na ce, "Baba, a Kanon nan? Ai mu tsatsa ba ta dame mu ba."

Ko amsa bai ba ni ba. Ya ƙara danna wani wajen, nan ma ya zurma.

Maganar da na yi masa ita ce tushen duk asarar da na yi, kuma ba ni kaɗai ke yin ta ba. Mu 'yan Arewa mun ɗauka tsatsa ciwon motocin Legas da Fatakwal ne, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, ga ruwan sama kusan duk shekara. Mu da muke yin wata bakwai ba ɗigon ruwa, me zai ci mana ƙarfe? Da wannan tunanin na yi shekara uku da motar ban taɓa ɗaga kafet ɗinta ba. Mai kuwa ina canjawa a kan lokaci, ina wanke ta duk Juma'a ta fito tana ƙyalli, har abokai suna cewa na iya riƙon mota. Kallon kitse suke wa rogo, ni ma haka.

Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, ta shigo tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. Ni a hannun wani na saye ta. Rubuce-rubucen gargaɗin da ke jikinta da Turanci ne da Faransanci, agogon gudunta kuma kilomita ne manyan lambobinsa, alamar daga Kanada ta fito. A lokacin har daɗi na ji, wai motar Turawa ce da ba ta sha wahalar hanya ba. Ban san cewa a can, da arewacin Amurka, gishiri ake watsa wa tituna lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke ba. Motar da ta yi shekaru tana taka wannan ruwan gishirin, da ciwonta take zuwa. Ranar da zan saya na durƙusa na leƙa ƙasanta, na gan shi baƙi wuluk, sumul, na ce madalla. Ashe fenti ne aka fesa a kan tsatsar tun kafin ta zo hannuna. Wannan dai ba laifina ba ne, ko in ce rabin laifina ne.

Laifina na gaskiya ya fara ne a wani watan Agusta. An tafka ruwa da la'asar, kwatoci suka cika suka tumbatsa, ni kuma ina sauri in isa gida kafin magariba. Na ga masu adaidaita sahu suna ratsawa, na bi bayansu. Motar ba ta mutu ba, na fita lafiya, amma ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofofi har ya taɓa idon sawuna. Washegari na kai ta wajen wanki. Yaron ya ce, "Oga, ruwan kwata ne, sai an yi mata wankin ciki sosai." Ya zuba omo, ya kwarara bokiti a kan kafet, ya goge da burushi, ya tsane da tsumma, ya bar ƙofofin a buɗe kamar awa ɗaya. Na shafa sama na ji ya sha iska. A hanyar komawa kuma na tsaya na sayi tabarmin roba masu kauri, irin masu baki a ɗage, na shimfiɗa gaba da baya don kada hakan ta sake faruwa. Har yabon kaina na yi.

Abin da ban sani ba, kafet ɗin mota ba shi kaɗai ba ne. A ƙarƙashinsa akwai wani soso mai kauri kamar bargo, wanda aka sa don rage ƙara da zafi. Shi ke shanye ruwan, kuma ba ya sakinsa da sauƙi. Saman kafet zai bushe ƙayau, sosan yana jiƙe sharkaf. Ni kuma na zo na ɗora roba a kai, na toshe hanya ɗaya tilo da ruwan zai bi ya fita. Sai in ajiye motar a rana, gilasai a rufe, cikinta ya koma tukunyar dambu. Ƙarfe ba abin da yake jira ya yi tsatsa sai ruwa da iska, zafi kuma yana ƙara musu sauri. Gishirin Kanada na ci daga ƙasa, ruwana na ci daga sama, suka haɗu a tsakiya.

Kuma motar ta yi ta faɗa mini, ni ne ban ji ba. Wari ya fara, irin na rigar da aka manta a bokiti. Uwargida ta yi magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. "Abban yara, motar nan fa tana wani irin tashi." Sai na sayo ɗan turaren nan da ake ratayawa a madubi. Da ya gaza na koma na fesawa. Har kasko ta taɓa sakawa da turaren wuta, muka rufe ƙofofi, motar ta kwana biyu tana ƙamshin ɗakin amarya, a rana ta uku warin ya dawo ya haɗu da ƙamshin, abin ya fi da muni. Da safe kuma gilasai su yi gumi ta ciki ko a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓen mutum ke tsagewa don bushewa. Ina wannan laimar ke fitowa? Ban taɓa tambayar kaina ba. In goge da hannun riga in tada mota. Da zan tara kuɗin turaren da na saya a shekarun nan, da ya biya wanda zai cire kujeru ya shanya kafet sau biyar.

Dattijon ne ya nuna mini cewa ruwan Agustan nan ma somin taɓi ne, akwai masu ƙara masa kullum. Na farko bututun da ke zubar da ruwan AC. Ɗan siriri ne, yana fita ta wajen ƙafar mai zaman banza ya ɗiga a ƙasa. Nawa ya toshe da laka, ruwan yana komawa ciki. Ya tambaye ni, "In ka tsaya da AC a kunne, kana ganin ruwa a ƙasan motar?" Na yi shiru, don na tuna har murna nake yi wai motata ba ta yoyo. Na biyu kuma darbejiyar ƙofar gidana. Don inuwa nake ajiye motar a ƙarƙashinta, ganye da 'ya'yanta suna zubowa cikin ragar da ke gindin gilashin gaba, ƙurar hunturu ta bi ta kai, damina ta zo ta kwaɓa su. Da ya buɗe wajen, hannu biyu ya sa ya kwaso baƙar ƙasa, irin wadda za a shuka barkono a ciki ya fito. Hanyoyin ruwan duk sun toshe. Haka ƙananan hudojin da ke ƙasan kowace ƙofa: ya zura waya a ta baya, ruwa ya tsiyayo ja kamar zoɓo.

Tunda mota ta riga ta hau kan jak, na ce a duba komai a huta. A nan ne na gano bakin zaren wata rigimar da na daɗe ina yi da masu faci. Tayar baya ta hagu kullum sacewa take, duk kwana huɗu sai an ƙara iska. An tsoma ta a ruwa ya fi sau uku, ba ƙusa, ba komai. Ashe bakin wilin ne ya yi tsatsa, daidai inda leɓen taya ke kama ƙarfe, kuma taya marar tif a nan take riƙe iskarta. In wajen ya yi kaushi, iska za ta riƙa silalewa a hankali. Burushin ƙarfe, samfefa, fenti, sabon bawul, magana ta ƙare. Ni kuwa a da dabarar da nake yi ita ce in ce wa mai faci ya ɗura mata 45 don ta daɗe, alhali takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba 30 ta ce. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba, amma ita masu faci da yawa suke bi. Tsakiyar tayar ya cinye ya bar gefe da gefe, dole na sayi wata. Yanzu ina da ɗan gejina a aljihun mota, da safe nake aunawa kafin taya ta ɗau zafi.

But ɗin motar kuma, abin kunya ne. Ramin safaya da ruwa kwance a ciki. Jak ya kafe, ko da sifana aka buga bai juya ba. Safayar ba iska, kuma lambobi huɗun ƙarshe na jikinta, waɗanda biyun farko ke nuna mako biyun ƙarshe shekara, sun nuna 2005 aka yi ta. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke cewa, kamfanonin taya irin su Michelin kuma suna cewa ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba kada ta wuce goma. Tawa ta wuce duka biyun. Da wannan na yi ta zuwa Zariya da Kaduna da iyali, ina jin ina da safaya.

Kafin in kai wa dattijon, wani ya ce zai yi mini aikin a wuni ɗaya da kuɗi kaɗan: ya liƙa gwangwani, ya shafe da poti, ya fesa baƙi. Saura kaɗan in yarda. Baba ya ce shi ba ya wannan aikin, in ina so in koma can. Ya nuna mini da yatsa inda ƙusoshin kujera suke ɗaure, a jikin wannan ƙarfen da ya ruɓe. Ya sa na kwanta na ga bututun birki da na fetur, suna bin ƙasan motar, na birkin har ya fara ƙuraje. "In aka yi karo, Allah ya kiyaye, kujerar da me za ta riƙe? Da poti?" Ban sake maganar araha ba.

Kwana shida motar ta yi a wajensa. Aka cire batir kafin a taɓa wayoyin ƙarƙashin kujeru da kuma saboda walda, aka fitar da kujerun, aka yaye kafet gaba ɗaya. Sosan ƙasan ya baƙe yana yagewa a hannu, sai shara. Muka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa muka samo ƙasan wata Corolla da ta yi haɗari, aka yanko daidai wajen. Ya yanke ruɓaɓɓen har sai da ya kai ga ƙarfe mai haske, don ya ce tsatsa ko ɗan tsinke aka bari a ƙarƙashin fenti, ci za ta ci gaba da yi. Bayan walda ya shafa jan fentin nan na hana tsatsa ciki da waje, ya bi layin waldar da gam, sannan baƙin ƙasa. Bututun birki ma aka sauya. Kafet ɗin kuwa a kan rufin gidana ya yi kwana uku yana shan rana, abin da ya kamata in yi tun ranar farko, kyauta. Jimillar abin da na kashe ta haura kuɗin sabbin tayoyi huɗu, banda kuɗin adaidaita na mako guda.

Wani maƙwabcina da ya ji labari ya ce in riƙa watsa baƙin mai a ƙasan motar, haka direbobin da suke yi. Ban yi ba. Baƙin mai yana lalata robobin ƙafa, kuma a garinmu ƙura zai kama ya zama laka. Abin da nake yi bai kai wannan wahala ba. In damina ta wuce, a sa ruwa mai ƙarfi a wanke ƙasan motar da cikin kumatun tayoyi, inda taɓo ke maƙalewa ya riƙe laima. Ciki kuwa na hana bokiti shiga. Injin zuƙar ƙura da tsumma mai ɗan danshi sun isa, dashbod ma haka, don man ƙyallin nan da suke shafawa ƙura yake kira, ya kuma haske wa mutum ido da rana. Yaran wajen wankin sun san ni yanzu, da na tsaya sai su ce, "Oga ban da ruwa a ciki, mun sani."

Tabarmin robar ban zubar ba, suna da amfaninsu ranar ruwa. Amma duk Juma'a sai na fitar da su, na zura hannu ta gefen kafet har in taɓo sosan ƙasa, ba saman ba. Makon jiya uwargida ta fito ta same ni a durƙushe, kaina a ƙarƙashin dashbod, ina shinshina. Ta tsaya ta kalle ni, ta ce, "Ko in kawo kaskon ne?"