Ni ma ta ƙofar Kanu na shigo

Ɗan yayata ya zo gaishe ni sanye da rigar Al Nassr, ruwan ɗorawa, da lamba bakwai a baya. Riga ta huɗu ke nan da na gani a jikinsa. Ya fara da farar Real Madrid tun yana ƙarami, ya koma ta Juventus a 2018, ya sa jar Manchester United a 2021 (ranar ban amsa gaisuwarsa da kyau ba), yanzu kuma ga shi a Saudiyya. Na ce masa, "Kai wai wane kulob kake yi ne?" Ya ce, "Kawu, ni Ronaldo nake yi. Inda ya sa ƙafa, nan nake sa tawa."

Sai na gyara zama na fara yi masa wa'azi. Na ce ɗan wasa baƙo ne, yau ya sauka gobe ya ɗaure kayansa, kulob kuwa yana nan. Na ce wanda ke bin mutum ɗaya daga gari zuwa gari ɗan rakiya ne, bai san daɗin goyon baya ba. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "To Kawu, kai me ya kai ka Arsenal?"

Na yi shiru, don na san amsar, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Nwankwo Kanu ne ya kai ni. Watan Oktoba na 1999, a Stamford Bridge, filin Chelsea, suna cin mu biyu da nema, fili jiƙe sharkaf, saura minti goma sha biyar a tashi. Na ce "mu", amma a lokacin ban zama ɗan Arsenal ba, kallo kawai nake yi. Kanu ya farke ɗaya, ya farke ta biyu. A minti na ƙarshe ya tsinci ƙwallo can gefen hagu dab da layin fita, ya yanke gola Ed de Goey, daga wurin da babu mai hankalin da zai buga ya murza ta ta bi ta saman 'yan bayan Chelsea, Desailly da Leboeuf, ta faɗa raga. Uku da biyu. Daga wannan rana na zama nasu. Ban san tarihin kulob ɗin ba, ban san ina filinsu na lokacin, Highbury, yake a Landan ba. Wani dogon mutum mai taka leda kamar ba ya sauri ne ya ja ni, kamar dai yadda Ronaldo ya ja yaron nan.

Na so in ce masa ai ni da Kanu ya koma West Brom a 2004 ban bi shi ba. Gaskiya ne, amma ba abin alfahari ba ne. Wa zai bar kulob ɗin da ya gama kaka sukutum ba a doke shi ba? Wasa 38, an ci 26, an yi canjaras 12, ga Henry, ga Bergkamp, ga Vieira, ga Pires. Zama a lokacin ba ya buƙatar amana, daɗi ne ya riƙe ni.

Abin da ya biyo baya ne ya mayar da ni ɗan gida. Wasan ƙarshe na Zakarun Turai da Barcelona a Paris, 2006: an ba golanmu Lehmann jan kati tun a minti na 18, duk da haka Sol Campbell ya ci da ka, muka riƙe har kusan ƙarshe da mutum goma, sai Eto'o da Belletti suka kashe mana baki. Henry ya tafi Barcelona a 2007. Fabregas ya bi shi a 2011, kuma a watan Agustan nan Manchester United ta zuba mana takwas da biyu a filinta, Old Trafford. Na kashe waya kwana biyu. Na rantse na daina kallo, ranar wasa na gaba kuwa ni ne na fara kunna talabijin. Shekara tara, daga 2005 zuwa 2014, ko cokali ba mu ɗaga ba. Da muka kai wasan ƙarshe na kofin FA da Hull, kafin minti goma sun ci mu biyu, sai da aka je ƙarin lokaci Ramsey ya fitar da mu kunya. Murnar da na yi a ranar ta fi ta 2004 nesa ba kusa ba, kuma na san wanda bai zauna cikin waɗannan shekaru taran ba ba zai gane dalili ba.

Akwai kuma inda mu magoya baya muke da son kai, ni ne kan gaba. Na yi shekaru ba na son jin sunan van Persie saboda ya koma United a 2012. Mutumin ya yi mana shekara takwas, kofin FA ɗaya ya gani, shekarunsa 29, ya tafi ya ɗauki Firimiya a kakarsa ta farko da ƙwallo 26. Ko ni ne a matsayinsa, da wuya in yi wani abu daban. Shi kuwa Campbell da nake yabo, kyaftin ɗin Tottenham ne, manyan abokan hamayyarmu, ya tsallako mana a 2001 ba a biya ko sisi ba, muka ce jarumi ne. Laifi tudu ne. Idan aka kawo mini misalin Totti, da ya ƙare rayuwarsa ta ƙwallo a Roma da kofin Seriya A ɗaya tak na 2001, nakan yarda abin sha'awa ne. Sai dai su nawa ne irinsa? Kulob ma idan ƙafar ɗan wasa ta fara nauyi ba ya jin kunyar sayar da shi.

Musun wace gasa ta fi kuwa, na daina ɗaukarsa da zafi. Na sha cewa Bundesliga ta Jamus gasar mutum ɗaya ce saboda Bayern ta ɗauka sau 11 a jere, ina kafa hujja da yadda Leicester ta ɗauki Firimiya a 2016 ba zato, alhali a Firimiyar ma Manchester City ta cinye shida cikin bakwai tsakanin 2018 da 2024. A 2022 Real Madrid ta fitar da Chelsea, ta fitar da City, ta doke Liverpool a wasan ƙarshe, amma bakinmu bai mutu ba. Da na lura, ban fi cewa "gasarmu ta fi wahala" ba sai a shekarun da muke ƙarewa na huɗu.

Kafin yaron ya tafi na tuna masa cewa a 1985 aka haifi gwaninsa, komai daren daɗewa zai rataye takalmi. Na ce, "Ranar sai ka koma ina?" Ya ce bai yi tunani ba tukuna. Na shiga ɗaki na ɗauko masa wata rigar Arsenal da na saya ta yi mini kaɗan. Ya juya ta, ya ga bayanta babu suna babu lamba, ya ce, "Kawu, wa ke sa bakwai a wurinku?" Na ce Saka. Ya ɗan yi jim, ya miƙo mini, ya ce in ajiye masa, kada in ba kowa.